Mandolin ko jita? In kuma mandolin ce, wace iri?

Ɗan yayata ne ya turo mini hoto ta WhatsApp da tsakar dare. Wata mandolin ce mai kalar zuma, an naɗe mata kafaɗa kamar dodon koɗi, tana sheƙi. A ƙasa ya rubuta: "Kawu, irin wannan 'yar ƙaramar jitar ta Sharukan nake so in saya. Na ga kamar za ta fi babbar sauƙin koyo." Wata da watanni yana tara alawus ɗinsa na bautar ƙasa saboda ita. Na ce masa ya riƙe kuɗinsa tukuna, gari ya waye mu yi magana. Abin da na faɗa masa, da abin da na tuno bayan mun gama, shi na tattara a nan, don na san ba shi kaɗai ke da wannan tunanin ba.

Yawancinmu a fim ɗin Indiya muka fara ganin mandolin. Wanda ya kalli Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995 ba zai manta da Shah Rukh Khan rungume da ita a tsakiyar gonar furanni rawaye ba. Tun kafin nan ma kunnenmu ya saba da ita, sunanta ne dai ba mu sani ba. Sautin nan mai karkarwa da ke shigowa a tsofaffin finafinai idan masoya za su rabu, sau da yawa ita ce. Laxmikant, abokin aikin Pyarelal, da kaɗa mandolin ya fara cin abinci kafin ya zama mai tsara kiɗa.

To amma kuskure biyu ne a saƙon yaron nan. Mandolin ba ƙaramar jita ba ce, kuma ƙanƙantarta ba ta nufin sauƙi. Ɗan hakin da ka raina ne. Asalinta Italiya, a birnin Napoli, inda gidan Vinaccia suka yi suna da ƙera ta tun tsakiyar ƙarni na 18, kuma in ka bi salsala za ka tarar da ita a dangin ud na Larabawa. Vivaldi ya rubuta mata kiɗa, Mozart ya sa ta a wasansa na Don Giovanni a 1787, Beethoven ma ya yi mata guntaye huɗu a 1796. Tsirkiyoyinta takwas ne, an jera su biyu-biyu, kowace biyu suna faɗin sauti ɗaya. Saitinta, wato sautukan da ake ɗaure tsirkiyoyin a kai, G, D, A, E ne a haruffan da ake kiran sautuka da su, daidai da na gogen Turawa. Wato dai goge ne da aka ƙwace wa izga aka ba shi farcen roba na kaɗa tsirkiya, aka kuma sa masa ƙarafa a wuya. In ka riƙe wannan a ranka, sauran bayanin zai zo da sauƙi.

Muryar kowacce

Ka ɗauki jita, ka ƙirgo daga siririyar tsirkiya zuwa ta uku, wadda ake kira G. Wannan sautin, mai girgiza 196 a daƙiƙa, shi ne mafi kaurin abin da mandolin za ta iya furtawa. Daga nan sai sama. Ita kuwa jita tana da wasu tsirkiyoyi uku da suka fi wannan kauri, har zuwa E ta can ƙasa mai girgiza 82 a daƙiƙa, wadda ta yi daidai da gindin muryar namiji.

Wannan bambancin shi ne ya kamata ya yanke maka hukunci tun kafin a zo kan kuɗi. Idan burinka ka zauna kai kaɗai kana rera waƙa kana raka kanka, jita za ta shimfiɗa maka tabarmar da muryarka za ta zauna a kai. Tana ba ka kauri a ƙasa, tana cike tsakiya, ta bar maka sama. Mandolin ba ta shimfiɗa wa kowa komai. 'Yar amshi ce, wani lokacin ma so take ta karɓe waƙar daga bakinka. Na sha gwada yin waƙa da ita ni kaɗai, in saurari abin da na naɗa a waya, in ji kamar ɗaki ne da aka yi wa rufi aka manta da daɓe. Amma ka sa ta kusa da mai jita, ko mai kalangu, ko ma wani yana buga ƙwarya, ka ji yadda za ta keto ta saman kowa ba tare da lasifika ba.

Akwai wani abu da ya sa na kamu da sonta, wanda ba kasafai littattafan koyarwa na Turawa ke kula da shi ba don ba damuwarsu ba ce. Yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan sautuka biyar suke tafiya, ba bakwai ba. Idan ka fara daga G, sautukan nan biyar su ne G, A, B, D, E. Yanzu sake duba saitin mandolin: G, D, A, E. Huɗu daga cikin biyar ɗin suna nan a buɗe, ba sai ka danna komai ba. Daren farko da na riƙe ta, ban san sunan ko da sauti ɗaya ba, amma kafin in kwanta na lalubo wata waƙar gaɗa da yayyena mata ke yi a dandali muna yara. A jita sai da na yi makonni kafin in iya irin wannan. Ga shi kuma tazarar da ke tsakanin kowace tsirkiya da mai bi mata iri ɗaya ce, saboda haka in ka koyi waƙa a wuri ɗaya, sai ka ɗauki tsarin yatsun nan yadda yake ka matsar da shi, ya ba ka waƙar a wata murya. Jita tana da wani ɗan tuntuɓe tsakanin tsirkiya ta uku da ta biyu, inda tazarar ta sauya, kuma duk ɗan koyo sai ya ci karo da shi.

Sai dai kar in cika ta da yabo. Gurmi da molo da garaya da kuntigi duk ba su da ƙarafa a wuya. Yatsa yana zamewa yadda ya ga dama, yana bin hawa da saukar harshen Hausa, shi ya sa marigayi Ɗan Maraya Jos ke sa tsirkiya ɗaya tal ta yi kamar tana magana. Mandolin ba ta da wannan lanƙwasar. Ƙarafan wuyanta sun yanke kowane sauti a wurinsa, kuma tsirkiyoyin ƙarfe biyu masu tauri ba sa yarda ka ja su gefe su tafi tare. A nan jita ta fi ta, musamman ta lantarki. Ka saurari yadda Bombino na Agadas ko Mdou Moctar ke murza tsirkiya, ba za ka samu wannan a mandolin ba. U. Srinivas na Indiya, wanda ya rasu a 2014, shi ne ya shigar da mandolin cikin kiɗan gargajiyar kudancin ƙasarsu, kiɗan da kusan duk lanƙwasa ne. Amma sai da ya sauya mata halitta: ya koma ta lantarki, ya raba tagwayen, ya bar tsirkiyoyi biyar ɗai-ɗai.

Sannan sautinta ba ya daɗewa. Ka buga jita, sautin zai yi ta yawo a ɗakin na wasu daƙiƙu. Ka buga mandolin, kafin ka ƙifta ido ya mutu. Daga nan karkarwar nan ta samo asali: mai kaɗawa yana kai farcen roba sama da ƙasa da sauri a kan tagwayen tsirkiya don sautin ya ci gaba da rayuwa. Shi ne abin da ke jan mutane zuwa gare ta, shi ne kuma abin da ya fi ɗaukar lokaci. A wuyan hannu yake, ba a ƙarfi ba. Ni sai da na yi kusan wata shida kafin tawa ta daina yin kamar tsohuwar babur da ke neman mutuwa.

Abin da yatsu za su sha

Tsawon tsirkiyar mandolin daga kai zuwa jaki, ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa a kan fuskarta, wajen santimita 35 ne, ta jita kuwa wajen 65. Gajeruwar tsirkiya da aka ɗaure har ta kai wannan tsinin sauti tauri gare ta. Tsirkiyoyi takwas masu matsakaicin kauri suna jan jikin mandolin da nauyin kusan kilo 80, fiye da buhun siminti ɗaya da rabi, a kan abin da shi kansa bai wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba. Kuma kowane danni biyu kake dannawa a lokaci guda. Makonni biyun farko kan yatsunka zai yi ja, ya yi layi biyu-biyu kamar tsagar gado, sai daga baya kanta ta fito ka huta. Jitar ƙarfe ma tana cizo, amma ba kamar haka ba. Jita mai tsirkiyar roba kuwa, wadda ake cewa ta Sifen, janta bai wuce rabin wannan ba, ita ce mafi tausayin yatsun ɗan koyo.

Faɗin wuyan mandolin a can sama bai kai santimita 3 ba, kuma da ka gangaro sai ƙarafan su matse. Mai kaurin yatsu zai yi ta ƙorafi da farko, amma na ga ƙatti suna kaɗa ta lafiya lau, sabo ne kawai. Yaro ko mai ƙaramin hannu kuwa zai ji daɗinta, ba sai ya yi ta miƙa hannu kamar mai tsinko mangwaro ba.

A ɓangaren haɗa sautuka da yawa a bugu ɗaya, abin da 'yan situdiyo ke kira kod, mandolin tana da rangwame a farko. G da C da D, waɗanda za su kai ka waƙoƙi da dama, kowanne yatsu biyu kacal yake buƙata. A jita sai uku, ga kuma F da ta sa mutane da yawa suka jingine jitarsu a bayan ƙyaure har yau. Saitin kuma wata fitina ce ta daban. Tsirkiyoyi takwas ne, kuma in ɗaya daga cikin tagwaye ta kauce ko da ƙiris, kunne zai ji tsamin nan take. Masu mandolin a Amurka suna zolayar kansu da cewa rabin rayuwarsu a saiti take ƙarewa, sauran rabin kuma suna kiɗa ba saiti. Manhajar saiti ta waya tana rage wahalar, amma ba ta kawar da ita.

Bayan an biya kuɗi

Wannan shi ne inda jita ta yi wa mandolin fintinkau, kuma ba na ɓoye wa kowa. Ka shiga shagunan kayan kiɗa na Sabon Gari a Kano, ko Kaduna, ko Jos, balle Alaba a Legas, za ka samu jita kala-kala, da tsirkiyarta, da jakarta, da wanda zai gyara maka ita. Malami ma ba zai yi wuya ba, kusan duk unguwar da ke da coci ko situdiyo akwai mai kaɗa jita. Mandolin kuwa sau da yawa sai ka yi oda, malaminka kuma YouTube ne, da Turanci ko Indiyanci. Idan ka saba koyo ta hanyar zama kusa da wanda ya iya, ka auna wannan sosai.

Tsirkiyar mandolin zobe ne da ita a ƙarshe, wanda ake saƙalawa a ƙugiya, ta jita kuwa ɗan dunƙulen ƙarfe ne. Wata rana siririyar E ta tsinke mini ana gobe za mu yi wasa a wajen wani taro, babu inda zan samu wata. Sai na sayi siririyar tsirkiyar jita mai lamba 11, wato ma'aunin kaurinta, na kama ɗan dunƙulen da filaya na murƙushe shi a hankali har ya fashe ya fita, ya bar zoben da aka naɗe shi a ciki. Ta zauna daram. Dabarar tana aiki ga sirara biyun nan, E da A, lamba 11 da 15. Amma duk wanda zai yi odar mandolin, ya haɗo da saitin tsirkiya uku ko huɗu a tafiya ɗaya.

Inda ta rama shi ne wajen ɗauka. Tsawonta duka bai wuce santimita 70 ba. Tana hawa acaɓa, tana shiga Keke Napep ba tare da ka biya kuɗin mutum biyu ba, tana kwanciya a saman kaya a mota. Kuma, in za a faɗi gaskiya, wanda ba ya son dattawan layi su fara tambayar ko roƙo ya koma, zai iya wucewa da ita a jaka ba wanda ya lura. Jita ba ta ɓoyuwa. Sai dai sirrin yana ƙarewa ne a ƙofar ɗaki, don tsinin muryarta yana keta bango fiye da na jita.

Saboda haka ga yadda na raba wa ɗan yayata. Mawaƙin da ke son abin raka murya, ko mai fatan ya riƙa samun ɗan aiki a situdiyo da wuraren biki, ya sayi jita, babu wani dogon lissafi. Wanda kuma in ya ji waƙa karinta ne ke maƙale masa a kai, yana ta fito da ita a hanya, ba ya damuwa da rerawa, wannan mandolin ce tasa. Haka wanda ya riga ya iya jita kuma yana da abokan kiɗa: jita ta uku a ƙungiya ba ta ƙara komai, mandolin ɗaya tana sauya sautin gaba ɗaya. Akwai kuma hanya ta tsakiya ga mai son saitin mandolin amma yana son kauri: manyan yayyenta, mandola da ake ɗaurewa C, G, D, A, da wata babba da ke faɗin G, D, A, E ɗin nan amma can ƙasa. A Aljeriya ma wannan buƙatar ce ta haifi mandol, wadda El Hadj M'Hamed El Anka ya sa aka ƙera masa a shekarun 1930 don ta ɗauki muryarsa a kiɗan sha'abi. Samun su a nan ya fi na mandolin wuya, na ambace su ne don a san da su.

In ka tsaya a kan mandolin

Iri uku za ka yi ta gani a hotuna. Akwai mai ƙoƙon baya, ta asalin Napoli, wadda bayanta ya yi tulu kamar rabin duma. Akwai samfurin A, mai siffar ɗigon ruwa da shafaffen baya. Sai samfurin F, mai naɗin dodon koɗi da 'yan ƙahoni, irin wadda yaron ya turo mini.

Biyun nan na ƙarshe daga Amurka suka fito. Orville Gibson ne ya kawo tunanin a sassaƙa fuska da bayan mandolin daga katako kamar yadda ake yi wa gogen Turawa, ya yi rajistar fasaharsa a 1898, aka kafa kamfanin Gibson a Kalamazoo a 1902. Tsakanin 1922 da 1924 wani injiniyan sauti na kamfanin, Lloyd Loar, ya fitar da F-5, wadda har yau ita ake kwaikwayo. Bill Monroe, uban kiɗan bulugiras, wani salon kiɗan karkarar Amurka, ya tsinci tasa a wani shagon aski a Florida a kan dala 150, mai ɗauke da sa hannun Loar na 9 ga Yulin 1923. A 1985 wani ya shiga gidansa ya farfasa ta da ƙarfen tona wuta, aka tsince gutsattsarin aka sake haɗa ta, ya ci gaba da kaɗawa. Saboda shi ne duk mai kiɗan bulugiras yake ganin in ba F ba ce bai riƙe mandolin ba.

To ga abin da mai shago ba zai faɗa maka ba. Naɗin nan da ƙahonin, kusan duk toshe suke da katako a ciki. Ba sa ƙara sauti. Ado ne, kuma ado ne mai cin lokacin masassaƙi, shi ya sa in ka ɗauki A da F na kamfani ɗaya masu daraja ɗaya, F ta fi tsada da tazara mai yawa. Ma'anarsa, da kuɗin da za ka sayi F ta ƙasa-ƙasa, mai katakon falanki da aka manna ɓawo-ɓawo da fenti mai kauri, za ka sayi A mai katako na gaske da aka sassaƙa. Amfanin naɗin guda ɗaya da na sani shi ne wurin rataya maɗauri. Kamfanoni irin su Eastman da Kentucky suna yin samfurin A na masu koyo da katako tsantsa, kuma sun yi suna a kan haka.

Abin da ke sauya sauti da gaske shi ne ramin da ke fuskarta. Mai rami ɗaya zagayayye a tsakiya muryarta ta fi taushi da zaƙi, tana ɗan jan sauti, ita ce ta fi kusa da abin da kunnenmu ya saba ji a finafinan Indiya. Mai tsaga biyu a gefe, irin na gogen Turawa, muryarta busasshiya ce mai duka, an yi ta ne don ta ƙwaci kanta a cikin taron kayan kiɗa. Mai kaɗawa a ɗaki shi kaɗai zai fi jin daɗin mai zagayayyen rami. Mai shiga cikin ƙungiya ya ɗauki mai tsaga. Kowanne ana samunsa a samfurin A.

Mai ƙoƙon baya kuwa, da ita na fara, kuma da ita na yi asara. A wajen wani mai kayan gwanjo na gan ta, tsohuwa ce ƙirar Japan, bayanta an jera siraran katako ɗaya bayan ɗaya kamar haƙarƙari, kyau kamar ka sa a falo ka yi ta kallo. Muryarta kuma garau, kamar ƙararrawa. Matsala ta farko, ba ta zama a jiki. Tulun bayan yana zamewa a kan ciki, musamman in kana sanye da shadda mai sheƙi, sai ka ga kana kokawa da ita maimakon kiɗa. Na koma ɗora tsumma a cinya. Matsala ta biyu ni na jawo ta da jahilci. Tsirkiyoyinta sun yi tsatsa, sai na yi odar sababbi masu matsakaicin kauri, irin na samfurin A da F. Ashe ita ba a gina ta don wannan nauyin ba, sirara take so, masu farawa daga lamba 9, kuma babu sandar ƙarfe a cikin wuyanta da za a ɗaure a miƙar da shi. Cikin wata biyu wuyan ya sunkuyo, tsirkiyoyin suka yi sama har ɗan yatsana yana shiga ƙarƙashinsu. Kafin in gane abin da ke faruwa hunturu ya shigo ya ƙarasa aikin, biyu daga cikin haƙarƙarin bayan suka rabu. Tana nan rataye a bango. Mai son kiɗan Italiya na asali, irin na Raffaele Calace, ita ce tasa, amma ba zan ba ɗan koyo shawarar ya fara da ita a ƙasarmu ba.

Tunda na ambaci hunturu, bari in tsaya a kansa, don shi ne abin da masu bayani a intanet ba su san da shi ba. Masu ƙera kayan kiɗan katako suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 55 cikin ɗari. A Kano ko Damagaram, cikin Janairu da Fabrairu, yana faɗowa ƙasa da 20, sannan a Agusta ya haura 70. Katako yana shan wannan yana tsukewa yana kumbura. Katako tsantsa, wanda ya fi daɗin sauti, shi ne kuma ya fi saurin tsagewa. Na falanki, da aka manna ɓawo-ɓawo, sautinsa bai kai ba amma yana da juriya. Wannan ya shafi jita ma, har ya fi, tunda fuskarta ta fi faɗi. Saboda haka in ka san kai mai jefar da kaya ne a kan gado ka fita, falankin ya fi maka. In kuma za ka iya kula, ka sayi tsantsar ka haɗa da akwati mai rufewa. Ni robar sabulu nake hudawa, in sa soso mai ɗan danshi a ciki, in ajiye a akwatin kusa da kan mandolin, in riƙa jiƙa shi duk bayan kwana biyu daga Nuwamba zuwa Maris. Kar soson ya taɓa katakon. Kar kuma a bar ta a but ɗin mota da rana, zafin yana narkar da gam.

Ranar saye

Oda ta intanet cinikin biri a sama ne, amma sau da yawa babu yadda za a yi. Ko a shago ne ko kaya ne suka iso, ga abin da nake dubawa. In haɗa katin ATM biyu in zura tsakanin tsirkiya da ƙarfe na 12. Kaurinsu wajen milimita ɗaya da rabi ne. In sun shiga suna ɗan gogar tsirkiyar, lafiya. In akwai sarari har na uku da na huɗu za su shiga, wannan za ta yanka yatsu, kuma ita ce ke sa mutane su ce mandolin ba ta koyuwa alhali kayan ne ba a daidaita ba. A samfurin A da F jakin yana da 'yan ƙafafun murɗawa biyu da ake sauke shi da su. In an sauke har ƙasa bai isa ba, wuyan ne ya lanƙwashe, a duba ko akwai sandar ƙarfe a ciki, murfinta yana can kusa da kunnuwan saiti.

Jakin mandolin ba a manne yake ba, tsirkiyoyi ne kawai suka danne shi. Sababbi da yawa suna isowa jakin ya goce. Ka buga tsirkiya a buɗe, sannan ka danna ta a ƙarfe na 12, dole su ba ka sauti ɗaya, na biyun yana sama da na farkon. In na biyun ya zarce, ka sassauta tsirkiyoyi ka ja jakin baya kaɗan. In ya gaza, ka turo shi gaba. Saboda wannan ne ba a cire tsirkiyoyi duka a lokaci guda in za a sauya, ɗaya-ɗaya ake yi. Sai ka murɗa kunnuwa takwas ɗin ka ji ko akwai mai zamewa, ka kuma kalli fuskar ta gefe ka tabbata ba ta lotsa a ƙarƙashin jakin ba. Farcen roba kuma ka nemi mai kauri, milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Siririn da ake kaɗa jita da shi lanƙwashewa yake a kan tagwayen ƙarfe.

Da na gama zuba, ɗan yayata ya yi shiru, sannan ya ce, "To Kawu, ni fa ba waƙa nake yi ba, ka san muryata." Na ce na sani, duk gidan sun sani. Ya yi odar samfurin A mai zagayayyen rami, da saitin tsirkiya uku, ragowar kuɗin naɗin dodon koɗin ya sayi akwati da su. Makon jiya ya turo mini hoton yatsunsa, layi biyu-biyu a kan kowanne, yana tambaya ko akwai man da ake shafawa. Na ce babu, ya rage zuwa minti goma sha biyar safe da yamma, kuma kar ya kaɗa da ya fito daga wanka.